Gudumar Baba Ilu

Asabar da dare, Sabon Tasha

Na gaji tiɓis, amma bakina ya ƙi rufuwa. Yau na kai wa Baba Ilu waƙar ƙarshe ta albam ɗina, can rumfarsa ta ƙira a Makera. Baitocin nasa ne, ni jita kawai na ɗora musu, kuma tun farko ya ce in ba ta yi masa ba, ba za ta fita ba.

Na kunna masa a waya. Ko rabi bai ji ba ya ɗaure fuska.

"Rahila, wa ya mutu? Kin ja ta kamar ana zaman makoki."

Saura kaɗan in yi kuka. Wata uku ina fama da ita!

Sai ya ɗauki guduma, ya hau dukan ƙarfe yana rerawa. Ashe a kan wannan bugun yake tsara baitocinsa. Na saɓo jitata na bi shi, har masu wucewa suka tsaya.

Na ce, "Baba, ran Litinin sai situdiyo."

Ya ce Allah ya kiyaye, shi ba mawaƙi ba ne. Har na juya zan tafi, sai na ji ya ce, "Wace gudumar zan riƙo, babba ko ƙarama?"