Suna Kiran Ɗalibata Motar Shara

Anti Kuo, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗau zafi.

Ina koyar da kiɗan fiyano a wata firamare a birnin Tainan. Makon jiya na ce bari in gabatar wa 'yan aji uku wani tsohon makaɗin Jamus. Na ba su labarin yadda yake yawo a daji da ɗan littafi a aljihu, da yadda ya kurmance amma bai daina tsara kiɗa ba. Suka yi tsit, har kaina ya fara kumbura. Sai na zauna na soma kaɗa musu wani kiɗansa mai taushi. Ai kuwa ban yi nisa ba yara huɗu suka zabura, suka rarumi kwandon shara suka yi waje! Na manta shaf cewa shi ne kiɗan da motar shara take sakawa kullum a garinmu don a fito da bola.

Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma a ajin akwai ɗalibata Yun-ching, 'yar shekara takwas, wata uku tana koyon wannan kiɗa don bikin makaranta na ranar Asabar. Yanzu duk inda ta gifta sai a toshe hanci, ana kiranta motar shara. Ta ce ita da fiyano har abada. Tausayinta ya hana ni sukuni. In canza mata kiɗa ne?

Malama mai jin kunya

Malama, kin ba ni dariya har shayi ya sarƙe ni. Kada ki hukunta yaran. Uwayensu ne suka hore su su fita da gudu in sun ji shi, kuma ga shi sun haddace kiɗan ba da wahalarki ba. Amma tsokanar ta yi yawa, ki tsawata.

Kada ki canza kiɗan, yarinyar za ta ɗauka ta yi abin kunya ne. Ki tuna, farkonsa kawai mutane suka riƙe. Can gaba akwai inda yake rugugi kamar hadari ya taso. Gobe ki sa Yun-ching ta fara daga nan, ki ce 'yan ajin su canki ko wane kiɗa ne. In sun gaza, ta koma farko. A lokacin za su gane cewa ita kaɗai ce a cikinsu ta san inda kiɗan ya dosa.

Ranar Asabar za a ɗan yi dariya, ki gaya mata tun yanzu. Ta yi murmushi ta ci gaba, ba za ta kai tsakiya ba kowa zai kama bakinsa. Allah ya ba ta sa'a, ke kuma ya ƙara miki haƙuri.

Anti Kuo