Inna, Sun Ƙona Littattafanki Don Girmamawa

Zuwa ga mahaifiyata, Malama, wadda Allah Ya karɓi abinSa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fatan makwancinki yana da yalwa da haske. Mu nan lafiya lau. Takwararki Walida ta shiga aji biyu, haƙoranta biyu na gaba sun zube. Damina ta yi kyau wajen Roni, an ce gonarki ma ta ba da abin da ta saba.

Na san ba a kai wa mamaci wasiƙa. Na kuma san wasu za su karanta wannan a wayoyinsu, cikinsu har da 'yan uwa. Su karanta. Ai karatun ne ya gagare mu tun farko.

Maganar littattafanki ce, Inna, guda tara ɗin nan.

Shekara talatin kina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu a firamaren ƙauyen nan na bayan Roni. Kin lura da abin da masu tsara manhaja ba su taɓa lura da shi ba: yaran suna zuwa miki sun riga sun san baƙi da wasali daga makarantar allo, amma sai a zaunar da su kamar ba su taɓa ganin rubutu ba. Sai kika sayi littafin rubutu na kasuwa, kika yi masa bango da takardar siminti, kika ja layi a tsakiyar kowane shafi. Sama ajami, ƙasa boko, magana ɗaya. Yaro ya karanta ta sama da abin da ya sani, ya gangaro ƙasa ya tarar da ita ta sake riga.

Ina tuna ranakun Asabar a tsakar gidanmu na Kazaure, bayan an ci abincin rana. Ni ce zakaran gwajinki. Ki sa ni in maimaita "Ɓera ya ɓoye ɓawon ɓaure" sau biyar ba numfashi. In harshena ya harɗe, ki yi murmushi ki ce ta yi, ki rubuta. In na wuce da ita sumul, ki soke, wai ta yi sauƙi.

Cikin littattafan akwai na kacici-kacici, waɗanda ke kika ƙirƙira: ina da baki ba haƙori, kullum ana ɗura mini hatsi, ban taɓa ƙiba ba. Sati guda na yi kafin in gane turmi ne, alhali kullum a kansa nake zama. Akwai na kalmomi masu amsa juna. Akwai wanda kika yi wa zane, akuyarki ta fi kama da kare, kika ce yaran ƙauye sun san akuya, ba sai kin wahalar da kanki ba.

Duk wanda ya shigo ya tarar da ke kina rubutu ya tambaya, amsarki ɗaya ce: "Wasan yara ne, ba wani abu ba." Ki rufe, ki tura ƙarƙashin tabarma kamar an kama ki da laifi. Wannan kunyar taki tana cikin abin da nake fushi da shi, za mu zo kanta.

Ga yadda aka yi. Ran sadakar uku, ina ɗaki cikin mata ina amsa gaisuwa, Gwaggo Rabi ta shiga kwashe kayanki don a rabar da na rabarwa. Ta buɗe akwatin ƙarfen nan, ta ɗaga bangon littafin da ke sama, ta ga bisimilla da kika saba farawa da ita, ta ga baƙaƙen Larabci a ƙasanta. Ba ta da alwala. Sai ta yi maza ta rufe, ta samo zane mai tsarki ta naɗe su duka, ta aika zaure da saƙon cewa an sami rubutun addu'o'in marigayiya.

A zauren akwai maza sun fi goma. Kusan kowannensu ya sauke Alƙur'ani, da yawansu da ajami suke rubuta saƙo. Ba wanda ya kwance zanen. Mata sun ce addu'a ce, shi ke nan, addu'a ce. Aka yi shawara cikin natsuwa, aka ce in an bar su yara za su yayyaga, sunan Allah ya faɗi ƙasa a taka. Abin da ya dace shi ne a ƙona, a binne tokar inda ƙafa ba ta bi.

Ƙaninki Kawu Sule ne ya karɓi aikin, don ya ce ba wanda ya fi shi cancanta. Ya sake alwala, ya kai su bayan gida, ya zura hannu ya zaro ɗaya daga tsakiya ya sa a aljihu don neman albarka, sauran takwas ya sa musu wuta yana ta salati yana hawaye. Na ji ƙaurin hayaƙin daga inda nake zaune. Na ɗauka masu tuwon sadaka ne suka sa ɗanyen itace.

Sai ran arba'in, da na zo ɗaukar akwatin, Gwaggo ta ba ni labari da fara'arta, tana jiran in yi godiya. Kuma na yi, Inna. Abin da tarbiyyarki ta yi mini ke nan. Na durƙusa na ce Allah Ya saka da alheri.

Da ɓarawo ne ya sace su, da na san wanda zan tsine wa. Da gara ce ta ci, da na ce ƙaddara. Amma masoyanki ne, da alwala, da ladabi, da kuka. Ban taɓa ganin an hallaka abu cikin tsafta irin wannan ba. Mun girmama rubutu har girmamawar ta hana mu duba abin da ya ce. Da da boko zalla kika rubuta su, da ba a ƙona ba, gaskiya ne. Da an ba mai ƙosai ta ƙunsa wa mutane.

Ke ma da naki laifin. Shekara talatin kina gaya wa kowa ba wani abu ba ne. To, sun yarda da ke. Ba ki taɓa zaunar da ƙaninki kin nuna masa shafi ɗaya ba. Ba ki taɓa kai wa hedimasta ba, wai kada a ce kina neman suna. Mace mai NCE ba za ta ce ta rubuta littafi ba, wannan sai masu digiri.

To ga mai digirin. Biyu ma gare ni, dukansu a kan harshe. Shekara shida ina ce miki hutu mai zuwa zan ɗauke su in buga a kwamfuta. Kina cewa ba gaggawa. A cikin shekarun nan na halarci tarurruka a otal-otal masu sanyi, da sunana rataye a wuya, inda muke tattauna muhimmancin koyar da yaro da harshen uwa, da Turanci, har a tafa mini. Na taɓa tsayawa gaban majigi na ce babbar matsalarmu ita ce rashin littattafan yara da aka rubuta daga cikin gida. Aka rubuta maganata a takardar bayan taro. A lokacin guda tara suna cikin akwati a Kazaure, ƙarƙashin zannuwanki.

Yanzu Walida tana dawowa daga makaranta da littattafai masu sheƙi. A ciki wani yaro mai jan kumatu yana gina mutum da ƙanƙara. Ta tambaye ni ko irin wadda ake sayarwa a kula ce, kuma me ya sa uwarsa ba ta yi masa faɗan ɓarna ba. Tana karanta Turancin tiryan-tiryan ba ta dariya ko sau ɗaya. Na Hausar guda ɗaya ne, shi ma fassara ce, duk nasiha: ka wanke hannu, ka gai da manya. Ba inda harshe zai harɗe, ba inda yaro zai yi gardama. Na zauna in rubuto mata naki daga ka, abin da na iya tunawa bai cika shafi huɗu ba.

Saura ɗaya ke nan a duniya, wanda Kawu ya sa a aljihu. Kin san abin da ya yi da shi? Ya kai wa baduku, aka ninke shi biyu, aka ɗinke cikin jan fata, ya rataye a saman ƙofar shagonsa na hatsi a Babura. Laya. Yana gaya wa mutane tun da ya rataye ta ciniki ya buɗe, har daga Nijar ana zuwa nemansa da suna.

Wata bakwai ina juya yadda zan yi. In na karɓo shi, dole in gaya wa dattijon da kika goya a bayanki abin da ya ƙona da hannunsa. In na yi shiru, zafi da ƙura da gumin fata su cinye shi a hankali, kuma ranar da Kawu ya bi ki, wani mai ladabin ya sake yin alwala.

Ran kasuwar da ta wuce na shiga mota na tafi. Na tarar da shi tsakanin buhunan gero da riɗi, layar tana lilo a kan ƙusa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi maigida, ya tambayi Walida, ya aika a kawo mini fura. Kafin in buɗe baki ya nuna ƙofar da haɓa, ya ce duk safiya in ya buɗe shago sai ya ji kamar Yaya ce ke tsaye tana duba ko ya karya. Da na tanadi magana mai kan gado tun daga Kazaure, sai ta watse.

Na dai faɗa, a karkace. Na ce ina roƙon a buɗe, don ina zaton ba addu'a ba ce a ciki. Ya ce ba a buɗe laya, wannan ko yaro ya sani. Na ce ba laya ba ce, Kawu, littafin makaranta ne. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa waɗanda boko ya yi wa yawa, ya ce mu 'yan jami'a ba abin da muke bari da rufinsa. Ya juya ya sallami wasu mutum biyu da ke jiran awo. Aka kira azahar, ya tafi masallaci ya bar ni da furar.

Can sai ga shi ya dawo. Ya taka buhu ya sauko da layar, ya ciro reza daga aljihu, ya bi ɗinkin da kansa a hankali don kada ya yanki takarda. Allurar baduku ta huda gefen shafukan, tawada ta ɗan bazu, amma hannunki ne. Ya sa tabarau, ya yi bisimilla, ya fara daga sama da muryar karatun allo.

Na shida ne, Inna, wanda kike fara labari da layi biyu ki bar wa yaro fili ya ƙarasa. Abin da ya karanta shi ne: "Wata rana Sule ya tafi kiwo. Da yamma ya dawo da igiya, ba akuya. Me ya faru? Ƙarasa."

Muryar karatun ta tsaya. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe buhu, ya ce wallahi an yi haka, barci ne ya ɗauke shi a gindin kuka, kuma ke kika tare masa dukan Baba. Ya buɗe gaba: Sule ya sa takalmi a kai don kada ruwa ya jiƙa shi. Ya buɗe gaba: an aiki Sule sayen gishiri ya dawo da ɗan tsako. Shekara talatin yaran ƙauye suna ƙarasa masa labarinsa, bai sani ba.

Daga nan dariyar ta ƙare. Ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon bangon takardar siminti.

Ya ce, "Sauran takwas ɗin ma irin wannan ne?"

Na ce, "Irinsa ne, Kawu."

Ya ce, "Da ni a ciki?"

Nan ne ya kamata 'yarki ta ce ba ta tuna ba. Ke da haka za ki ce. Amma wata bakwai ina ɗauke da abin nan ni kaɗai, kuma a daidai lokacin ina son wani ya taya ni. Na ce, "Kana cikin kowanne."

Bai yi kuka ba. Ya miƙe littafin a kan gwiwarsa, ya bi ninkin da tafin hannu yana gogewa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce in tafi kada in rasa mota. Da na waiwaya daga bakin layi, yana zaune inda na bar shi, masu awo suna yi masa sallama ba ya amsawa.

Na buga shi a kwamfuta a satin. Yammaci uku ya ɗauke ni. Uku, Inna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kowane harafi da yaro ya koya a hannunki ya zame miki haske. Allah Ya sanyaya zuciyar Kawu, Ya ba shi ladan niyyarsa, Ya yafe mini abin da na gaya masa, duk da gaskiya ne. Ya yafe wa Gwaggo, wadda har yau ba ta sani ba, sai in wani ya karanta mata wannan. Ni kuwa ban huce ba tukuna, ba da su ba, ba da ke ba, balle da kaina. Ki yi haƙuri da ni kamar yadda kika saba.

'Yarki ta fari,
wadda kika sa a makaranta.