Bulo Shida na Alhaji

Litinin, 5 ga Mayu
Ɗaki nake so. Ko ƙarami, ko a unguwar Alajo, in dai babu bene a kansa. Ban iya rubutu ba, shi ya sa nake faɗa wa wayar nan. Alhaji mai gida yana ɗora bene a kan ɗakinmu, nan kuma 'yata Nasira ke kwana, watanta bakwai. Babanta Issifu ne ke buga bulon. Ni ke ɗebo musu ruwa, na ga yadda Alhaji ya sa aka rage siminti.

Laraba, 7 ga Mayu
Wata injiniya ta zo, Anti Mulikatu, 'yar unguwar Maamobi. Za su kai bulo shida inji ya matse, a ga ƙarfinsu. Na ce, Anti, in babu ƙarfi fa? Ta ce a aikinsu, da farko ɗauka ake yi bulo na da ƙarfi, yadda mai gini ya faɗa. Wanda ya ce babu, shi ke kawo shaida. Na ce, to 'yata a ƙarƙashin "ɗauka ake yi" za ta kwana? Ta kalli Nasira.

Alhamis, 8 ga Mayu
Alhaji da kansa ya zaɓi shidan. Na bayan banɗaki, waɗanda aka buga daban da siminti cikakke.

Asabar, 10 ga Mayu
Na yi wa Issifu magana. "Maman Nasira, so kike in rasa aiki da ɗaki rana ɗaya?" Bai taɓa tuwonsa ba.

Talata, 13 ga Mayu
Sakamako ya fito. Anti ta ce, "Ƙanwata, ba mu ce yana da ƙarfi ba fa. Shaidar rauni ce ba mu gani ba." Alhaji yana ta gaya wa unguwa an ce lafiya lau. Ruwa ya sauka. Na goga bangon sama da yatsa, yashi ya zubo.

Juma'a, 16 ga Mayu
Ni ban yi komai ba. Wanki na fita da shi. Mai trotro, motar haya, ya ce, "Hajiya, dutse kike wankewa?" Bulo ɗaya ne a ƙarƙashin zannuwa, na bangon sama. Na kai wa Anti. Ta ce ɗaya ba ya isa, amma za ta dawo ta zaɓa da hannunta.

Na faɗa wa yayata Fauziya ta share mana gefen ɗakinta. Issifu ma na faɗa masa tun da safe. Shi ya ɗora mini kwanon wankin a kai.