Takardar Musaddiq da Na Ɓoye

Daura,
Laraba, 17 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Yaya Anwar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Zaituna da 'yata Khairunnisa. Allah ya tsare mana ku a can Fatakwal, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna Mashi makon jiya. Tunkiyarka ta haifi tagwaye, Hussaina ta ce ɗaya nata ne, ko da yake ba wanda ya ba ta.

Yaya, akwai abin da na yi wanda ban gaya wa kowa ba, har Inna. Na ɓoye wa Baba takarda tun ranar Asabar.

Ka san tun da ka tafi ni ce mai karanta masa takardun ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Guguwa, tunda shi ajami ya iya, boko kuwa sai sa hannu. Ni nake rubuta sunayen 'yan wasa, ni nake liƙa hotunansu a kati. Ban taɓa zuwa fili ba, amma na san kowa da lambar rigarsa. Bana sun doke Dutsi, sun bi 'yan garin Babban Mutum har gida sun ci. Saura wasa uku, in sun ci biyu za su hau gasar jiha. Shekara goma sha ɗaya Baba yana koci yana jiran wannan. Na ji yana ce wa Inna burinsa, kafin ya ajiye usur, ya shiga Katsina da yaran da ya rena da hannunsa. Kwanakin nan har waƙa yake yi in yana wanke babur.

Amma shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗantsoho, ba haka yake gani ba. Tsarinsu yana nan yadda ka bar shi: a reni yaro, in ya ƙware a sake shi ga babbar ƙungiya, su aiko da riguna da takalma da ƙwallaye, a ɗauko wasu ƙanana. Alhaji ya ce Guguwa makaranta ce, ba a riƙe ɗalibi bayan ya sauke. Baba kuma ya ce wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yanzu wata ƙungiya ta Kano tana son Musaddiq, ɗan Iya Talatu, mai lamba tara, wanda ya ci rabin ƙwallayen bana. Baba ya ce a jira a gama wasannin nan uku, su kuwa na Kano jibi Juma'a suke rufe rajista. Tun da suka yi musun, in sun haɗu a masallaci gaisuwa kawai suke yi, ba mai tayar da maganar.

Ranar Asabar Baba yana fili, direban Alhaji ya yi sallama ya miƙo takarda. Na karanta a zaure. Ta sakin Musaddiq ce, kowa ya sa hannu, saura koci. Na tuna fuskar Baba bara da aka saki mai tsaron gidansu, kwana uku bai cinye tuwonsa ba. Sai na cusa ta cikin tsohon littafina na aji shida, na mayar akwati. Na ce a raina in Juma'a ta wuce shi ke nan, Musaddiq ya zauna, Baba bai ƙi ba, bai kuma yarda ba, ba ruwan kowa.

Ashe ba haka ba ne. Jiya da hantsi Iya Talatu ta zo wurin Inna, ina gefe ina tsince shinkafa. Ta daɗe tana zancen tsadar manja kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce ba ƙorafi ta zo yi ba, amma yaronta ya haɗa jaka ya kwance ta sau biyu. Ta ce masa ya je ya roƙi Koci, ya ce ba zai iya ba, mutumin da ya saya masa takalminsa na farko ubansa ne, in bai sa hannu ba yana da dalili. Kuma ya ce zai buga wasan Asabar kamar ba abin da ya faru. Ta ƙara da cewa a majalisa ana faɗin Malam Dabo, wato Baba, ya danne arzikin yaro don a kira shi gwani. Inna ta ce wallahi ba ta san da wata takarda ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai, na zubar da shinkafa mai kyau na bar tsakuwa.

Ka ga gyaran gangar auzinawa na yi. Ina so in kare Baba, sai na jawo masa zagi a kan abin da bai ma gani ba. Ina son ya shiga Katsinan nan, Yaya, wallahi ina so. Amma da ya san ta wannan hanya ce, na san ba zai yi murna ba.

Ka gaishe mini da Anti Zaituna da kyau, ka ce lallen da ta ce in aiko yana hannun mai kawo wasiƙar nan. Ka shafa mini kan Khairunnisa. Inna da Hussaina suna gaishe ku, haka ma Gwaggo Maijidda.

Kafin wannan ta iso gare ka an riga an gama. Gobe da safe in na kai wa Baba koko zan ɗora takardar a kan faifan. Zan karanta masa ita duka, ba zan tsallake ko layi ɗaya ba, sannan in ce ni na ɓoye ta. Zan ajiye masa biro a gefe in fito. Ka yi mini addu'a.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Siddiƙa Dabo.