Itacen Wankana

Matamaye, daren Alhamis, watan Azumin Tsofaffi

Yau Inna ta aiko aka kwashe itacena. Ƙanwata Rabi ta zo wankan gida daga Dungu, wai nasu ɗanye ne, sai hayaƙi. Maigidana ko tambayata bai yi ba, ya ce a ɗiba.

Shi ya tara shi don ɗoki, tun cikina bai yi ƙwari ba. Wata ɗaya muka samu ciki ni da Rabi. Nata ya zauna daram, nawa ya maƙale a hanya bai kai mahaifa ba. Na sha jiƙo har na suma, sannan aka sa ni a motar gyaɗa zuwa Damagaram. Lokotoro, likitan asibiti, ya yi mini aiki, ya cire hanyar da ta fashe. Tafintansa ya ce hanyoyin biyu ne, ɗayar lafiya lau take, ina iya sake samun ciki, amma in na ga ɓatan wata da ciwo a gefe guda, in zo da wuri.

Da la'asar na leƙa su. Inna na fyaɗa mata ruwan zafi da ganye, ga kunun kanwa na jiranta. Rabi tana ta raki, ta ce, "Yaya, ke kin huta, wankan nan azaba ne."

Wai na huta.

Na yi dariya, har na ɗauki jaririyar. Allah Ya raya ta. Amma da zan fito na zare ice ɗaya, na ɓoye a mayafi. Ga shi nan ƙarƙashin gadona. Wannan kam ni zai dafa wa ruwa.