Lambar da Baba Ya Ba Mama

Duluth, Oktoba

Yaya Lowell,

Gaisuwa da fatan Toronto ba ta daskarar da kai ba tukuna. Mai sassaƙa dutsen kabarin Mama yana jirana, yana so a kafa kafin ƙasa ta ƙanƙare. Baba ya ce a rubuta 1,152,271 ƙarƙashin sunanta. Ka tuna ta, ita ce a cikin zoben aurensu. Ya ce shi ya gano ta yana sabon malamin lissafi, kuma ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, kamar su biyu. Jiya ya kira ni da sunan Mama, amma lambar nan bai taɓa kuskure ta ba. Kai ne farfesan lissafi, duba mana ita.

Ƙanwarka,
Marlys

Toronto

Marlys,

Na gode da ɗawainiya. Na duba, kuma da ma ban duba ba. Tana rabuwa: 43 sau 127 sau 211. Tana cikin wani jinsi da muke kira lambobin Carmichael, masu tsallake tsohon gwajin da Baba ya dogara da shi kamar lambobin da ba sa rabuwa. Ina zaton ya gwada rabawa har 41, ya gaji, ya amince da gwajin. Ta gaba a jerin waɗanda ba sa rabuwa ita ce 43.

Zan iya samo wata kusa da ita wadda ba ta rabuwa. Kada ki gaya masa tukuna. Ki gaishe shi.

Lowell

Duluth

Yaya,

Gaisuwa. Shawararka ta zo a makare, malam sarkin sani. Na nuna wa Baba wasiƙarka wajen karin kumallo kafin in karanta ƙarshenta. Ya ɗauki fensir ya ninka a bayan kwalin hatsi, ya samu daidai. Ya ce, "Ashe ƙarya na sa mata a yatsa, Marly?" Bai ci komai ba ranar.

Da safe ya sauko fes, har da laktaye a wuya, ya manta komai, yana tambaya ko an sassaƙa. Na gwada masa wata lambar. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ta wace ce? Budurwar Lowell?"

In na faɗa masa, ya yi kuka ya manta. In na yi shiru, dutse ba ya mantawa. Ka ce wani abu.

Marlys

Toronto

Marlys,

Ina gaishe ki. Na san duk abin da za a iya sani game da lambar nan, kuma ba ɗaya da zai amfane ki. Ki yi yadda kika gani.

Lowell

Duluth, Nuwamba

Yaya,

An kafa dutsen, da lambar Baba. Ya bi ta da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A mota ya ce, "Rubuta wa Lowell ya tabbatar mini, ya fi ni yanzu." Kullum da rana yana tsaye bakin akwatin wasiƙu.

Ka aiko da amsar da sunansa a kan ambulan, ba nawa ba.

Ƙanwarka,
Marlys