Keken Maigida a Cikin Rairayi

Agadas, daren Laraba, bazarar 1984

Yau maigida ya fita shi kaɗai, karo na farko tun da ƙafafunsa suka mutu. Jiya Idi maƙeri ya kawo keken hannun da ya haɗa masa. Tayoyin ƙaramin babur ɗin nan mobilet ya sa, don na keke rairayin garin nan haɗiye su yake yi.

Ya ce da kansa zai karɓo mana dawar taimakon fari wurin sojoji. Na ce to, amma zuciyata ta ƙi, na ja mayafi na bi shi a ɓoye. A bakin kori, busasshen rafin nan, taya ta nutse. Har na miƙa hannu zan tura, sai ya ce, ko waiwayowa bai yi ba, "Tun daga gida nake jin takalminki, Hadiza. Kada ki taɓa." Ya ja baya, ya bi inda jakuna suka tattake, ya haye.

Da soja ya kira sunansa, shi ya amsa, ba ni ba. Sai da na juya na share ido.

Yanzu na gama shafa masa man kaɗanya, tafukansa duk sun yi bororo. Wai gobe in hau baya, ni ma in ɗanɗana a kai ni kasuwa.